Almuntada: a Ɗorayi yake ko a Gadon Ƙaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, marigayi mahaifina ya bar mini kwali guda na kaset-kaset ɗin Malam Ja'afar Mahmud Adam. Ina da niyyar shigowa Kano bayan Sallah, kuma ina so in yi Juma'a a masallacin da ya yi limanci. Wani ya ce mini a Gadon Ƙaya yake, wani ya ce Ɗorayi. Wanne ne daidai? Kuma mene ne asalin wannan suna Almuntada? Daga ɗan'uwanku a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Duka mutanen biyu ba su yi maka ƙarya ba, masallatai biyu ne aka haɗa maka wuri guda. Na Gadon Ƙaya shi ne masallacin Usman bin Affan, inda Malam ya daɗe yana karantarwa, har wurin ya zama makaranta. Wanda ya yi limancin Juma'a a cikinsa kuwa shi ne Almuntada, a unguwar Ɗorayi, ƙaramar hukumar Gwale. Tunda Juma'a kake nufi, Ɗorayi za ka.

Akwai na uku ma, wanda ba ka tambaya ba. Duba kwalin nan da kyau. Idan kaset ɗin tafsirin azumi ne, to muryar da ka tashi kana ji a ɗakin mahaifinka ba daga Kano aka ɗauko ta ba, daga masallacin Indimi ne na Maiduguri, can yake zuwa tafsiri duk Ramadan. Na sha ganin baƙo ya zo Ɗorayi yana neman kujerar da aka yi tafsirin nan a kanta, sai an ce masa ai sai ya ƙara gaba zuwa Borno.

Hanya ba ta da wuya. Motarku ta Gusau za ta biyo Funtua, ta faɗo ta Gwarzo, ku wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, sai Kabuga. Nan za ka sauka. Ɗorayi tana bayan tsohuwar jami'ar ne, wajen badala. Tare adaidaita sahu ka ce masa Ɗorayi, Almuntada. In yaro ne sabon shiga ya tsaya yana kallonka, ce masa masallacin Malam Ja'afar, zai gane. Ka tabbata dai kun ambaci Ɗorayi kafin ka shiga, domin in ka ce masallacin Malam kawai, wani Gadon Ƙaya zai sauke ka, shi ma a ganinsa bai yi kuskure ba. Babban titin unguwar ma yanzu sunan Malam ɗin yake amsawa.

Sunan kuwa Larabci ne. Muntada na nufin wurin da jama'a ke taruwa su tattauna, kamar mu ce majalisa ko dandali. Masallacin ya samo shi ne daga Almuntada Al-Islami, wata ƙungiyar agaji ta Musulmi da aka kafa a Landan a 1986, wadda ta yi ayyukan masallatai da makarantu a ƙasashen Afirka, har da nan Kano. Shi ya sa ba ka ji shi da sunan sahabi ko na attajiri ba, kamar yadda aka saba a garin nan.

Amma ni a ganina ba za ka gane yadda aka yi masallacin Juma'a ya tashi a bayan jami'a ba sai ka san yadda Kano take a da. Ɗaruruwan shekaru Juma'a ɗaya ake yi a birni, a Babban Masallaci na kusa da gidan Sarki, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ginin da ake gani yau mai koren tulluwa an buɗe shi ne a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamanmu na Malikiyya ba sa son a rarraba Juma'a a gari ɗaya sai da larura, don haka mutumin Fagge da na ƙauyukan gefe duk birni suke shigowa, wasu a ƙafa, wasu a keke. Kakana yakan ce ranar Juma'a tun hantsi yake yin wanka, saboda tafiya ce a gabansa. Sai a zamanin Sarki Ado Bayero aka buɗe masallacin Juma'a na Waje a Fagge. Daga nan gari ya yi ta faɗi, larurar da malamai suka gindaya ta zama gaskiya a kowace kusurwa.

Ɗorayi misali ce mai kyau. A da gonaki ne da gidan hutun Sarki, wanda aka saba yin hawa zuwa can lokacin Sallah. Da kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, malamai da ma'aikata da ɗalibai suka fara neman fili da ɗakin haya a bayanta, mutanen cikin gari da gidajen gado suka yi musu kaɗan su ma suka fito. Jama'a irin wannan, matasa da 'yan boko da 'yan kasuwa, su ne suka cika sahun Almuntada. Suka kuma tarar da liman ɗan asalin Daura, mahaddacin Alƙur'ani, wanda ya yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, mai huɗuba da Hausar da mai shayi da lakcara duk za su ɗauka. Ginin kansa ba abin kallo ba ne in ka gwada shi da na cikin gari. Mutumin da ya tsaya a mumbarinsa ne ya sa har a Gusau aka san sunansa.

A cikin wannan masallaci aka harbe shi, ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007, yana jan sallar asuba, ana gobe zaɓen gwamnoni. Na tuna safiyar nan, kafin rana ta ɗaga labarin ya gama gari, kowa ka gani riƙe da waya yana salati. Zarge-zargen da suka biyo baya ba zan shiga cikinsu a wannan fili ba. Allah ya gafarta masa.

In ka zo, ka fita da wuri, ƙarfe goma sha biyu ta yi maka a can, ka riƙo darduma da ledar zuba takalmi, domin in ka makara a waje za ka yi sallah, cikin rana. Bayan an idar, Gadon Ƙaya ba nisa, adaidaita ɗaya ce, sai ka haɗa duka biyun a yini guda. Kaset ɗin nan kuma ka nemi mai kwamfuta ya juye maka su a waya tun kafin damina ta lalata zaren.