Tambaya da Amsa: Wai me ake nufi da shenanigans?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman ƙarin bayani kan kalmar shenanigans. Na ga wata ta ɗora hoton yaranta a Facebook sun yi buɗu-buɗu da hoda ta rubuta "weekend shenanigans", sai kuma na ji ta a labarai ana maganar 'yan siyasa, abin ya ɗaure min kai. Zagi ce ko wasa? Daga ɗalibarka.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, ai duka biyun da kika ji daidai ne, kalmar ce baki biyu gare ta. Ana furta ta shanániganz, da ƙarfi a gaɓa ta biyu, kuma kusan kullum da s ɗinta take zuwa, da wuya ki ji an ce shenanigan guda ɗaya.

Ma'anar farko ita ce ƙiriniya da tsokana irin wadda ba mugunta a ciki, yaro ya ɓoye takalmin yayansa ya koma gefe yana ƙunshe dariya, ko abokai su zuba wa ɗayansu gishiri a madadin sukari, za ka yi faɗa amma kana yi kana murmushi. Ita maman yaran nan ƙiriniyarsu take nunawa, har da ɗan alfahari ma.

Amma da zarar ta shiga zancen kuɗi ko zaɓe to wasa ya ƙare, in jarida ta rubuta "financial shenanigans" ƙumbiya-ƙumbiya da almundahana take nufi, an yi rufa-rufa a lissafi kenan. Ni dai a ganina iya shege ne ya fi kusa da ita a Hausa, shi ma haka yake, a faɗa wa yaro cikin raha a faɗa wa babba da zafi.

A Amurka aka fara ganinta a rubuce, a jaridun Kalifoniya wajen 1855 lokacin da ake rububin haƙar zinare. Asalinta kuwa masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu sun kai ta yaren Ayalan ga wata kalma mai nufin yin wayo irin na dila, wasu sun ce daga Sifaniyanci take.

Ki yi amfani da ita a hira da ƙawaye ko a ƙasan hoto ba laifi, amma kar ki kuskura ki rubuta wa ogan ofis cewa kin lura da shenanigans ɗinsa, zai ɗauka kin kira shi macuci ne.