Hajiya ta sume a jirgi, yanzu tana tsoron komawa gida

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Birmingham. Mahaifiyarta mai shekara 64 ta zo mata zaman jego daga Zariya. A jirgin Abuja zuwa Landan, bayan kamar awa huɗu da tashi, ta miƙe za ta banɗaki, sai ta yanke jiki ta faɗi tsakanin kujeru. Ba a yi minti ɗaya ba ta farfaɗo, ma'aikatan jirgi suka sa mata iskar oksijin, aka sauka lafiya. Tana shan maganin hawan jini. Yanzu saura mako bakwai bizarta ta wata shida ta ƙare, ita kuwa ko sunan jirgi ba ta son ji. Tambayar ita ce: me ya same ta, kuma za ta iya komawa?

'Yar'uwa, Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yadda kika kwatanta abin, ya fi kama da sumar da ke zuwa idan jini ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙaranci na ɗan lokaci, kuma mafi yawan masu irin wannan suna sake hawa jirgi lafiya lau. Amma sai likita ya duba ta kafin a ɗaure kaya.

Suma ita ce kan gaba a larurorin da ke tasowa a sama. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2013 ya duba kiran gaggawa 11,920 daga jirage. Kashi 37 cikin ɗari suma ce ko jirin da ke gab da ita, kuma cikin dukkan marasa lafiyan uku cikin dubu ne suka rasu. Ki faɗa wa Hajiya wannan, don ta san ba ita kaɗai ba ce, ba kuma wani abu ne ya shafe ta ba.

Idan mutum ya daɗe a zaune, jini yana taruwa a ƙafafu, domin tsokar sharaɓa ce ke taimakawa wajen mayar da shi sama, ita kuwa ba ta aiki sai ana motsi. Da ya miƙe farat ɗaya, sai jinin da ke isa kai ya ragu na 'yan daƙiƙu. Jikin matashi yana gyara wannan nan take, ya matse jijiyoyi, ya ƙara bugun zuciya. Jikin dattijo mai shan maganin hawan jini yana jinkiri. Ga shi kuma iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan ninki biyu na tudun Jos, don haka oksijin ɗin da ke cikin jini kan sauko daga kashi 97 ko 98 zuwa wajen 90 zuwa 93. Mai lafiya ba ya ma lura. Mai ƙarancin jini, ko ciwon zuciya, ko na huhu, yana ji a jikinsa.

Batun bushewa kuwa akwai gyara a yadda ake faɗarsa. Gaskiya ne danshin iskar jirgi bai wuce kashi 10 zuwa 20 ba, kamar tsakiyar hunturu a Kano, shi ya sa leɓe ke tsagewa, hanci da ido su bushe. Sai dai ruwan da busasshiyar iskar ke janyewa daga jiki bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne ruwan da ba su sha ba, kuma wannan tun a ƙasa yake farawa.

Ki zauna da Hajiya ki tambaye ta yadda kwana guda kafin tashinta ya kasance. Zai yi wuya ki ji abin da ya saɓa wa wannan: gida cike da masu sallama har tsakar dare, ana ta ƙulla kuka da daddawa da yaji ana auna jaka, ba a runtsa ba. An kama hanyar Kaduna zuwa Abuja, ba ta sha ruwa ba don kada a tsaya mata a hanya. A filin jirgi an yi tsayuwar layi, abinci bai shiga ba saboda fargaba, amma ƙwayar hawan jini an haɗiye ta a kan lokaci. A cikin jirgi an ba ta kujerar taga, da maza biyu a gefenta. Duk sanda aka zo da ruwa sai ta girgiza kai, don tana riƙon alwala, kuma tana jin nauyin ta ce wa baƙin maza su tashi ta wuce. Ga hijabi, ga rigar sanyin da aka ce ta saka tun daga gida, ga bargo. Sai da fitsari ya matse ta sosai ta farka daga barci ta miƙe da sauri. Wannan kunya da tsantseni na iyayenmu abin girmamawa ne, amma a tafiyar awa shida da ɗoriya suna da tsada.

Shiri na farko, ki kai ta wurin likitan unguwa a cikin makon nan. A Ingila kowa na iya yin rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta, ko da bizar ziyara yake. Ki nemi a auna hawan jininta tana kwance, sannan a sake aunawa bayan ta miƙe. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tsayuwa, an gano babban dalili. A yi mata gwajin bugun zuciya na ECG, a duba yawan jini, da sukari, da aikin ƙoda. Ki tafi da kwalayen magungunanta duka, har da na gargajiya idan tana sha. Magungunan da ke sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, suna cikin masu jawo wannan matsala ranar tafiya, kuma likita na iya sauya lokacin shan su. Ga maza, maganin kumburin prostate, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsara, irin tamsulosin ma yana sa jiri idan an miƙe. Kada ta daina kowane magani da kanta.

Ranar da ta rage kwana ɗaya, a rufe ƙofar sallama da wuri ta samu barci. Ta sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yinin, kaɗan-kaɗan. Ma'auninsa fitsari ne: idan ya fito fari-fari, jiki ya ƙoshi, idan ya yi ja kamar shayi, da saura. A filin jirgi, dokar hana wucewa da ruwan da ya haura mililita (mil) 100 da har yanzu ake bi a mafi yawan wurare ba ta hana wucewa da gorar da ba komai a ciki ba. A cika ta bayan an wuce bincike, ta sha rabin lita kafin shiga, sannan kofi ɗaya, wajen mil 200 zuwa 250, duk awa ɗaya da take farke. Shayi da gahawa da goro ba laifi idan ba su yi yawa ba, amma ba sa maye gurbin ruwa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko kasawar zuciya, ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade masa. Wanda kuma ya yi gudawa ko amai kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ruwa zalla ba zai isa ba, sai da ruwan gishiri da sukari: ƙullin ORS a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ko ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Ki biya kuɗin zaɓen kujera ki sama mata ta bakin hanya, kusa da banɗaki. A ganina wannan kuɗin ya fi na ƙarin jaka amfani, domin shi ke cire kunyar da ta hana ta sha. Ki kuma nema mata keken marasa lafiya tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, zai raba ta da tsayuwar layi. Idan alwala ce damuwarta, ta tambayi malaminta kan sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli. Haka idan tafiya ta faɗo a watan azumi: aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba matafiyi da mara lafiya damar sha su rama. Masu tafiya yamma, kamar daga Jidda ko Doha zuwa gida, ko daga Turai zuwa Amurka, su tuna rana tana jinkirin faɗuwa a kansu, azumin na iya ƙaruwa da awanni.

Ta ci abinci mara nauyi, ta riƙe dabino a jaka, ta cire rigar sanyi idan ta ji zafi, kuma kada ta sha maganin barci. Kafin ta miƙe, musamman daga barci ko bayan cin abinci, ta yi minti ɗaya tana ɗaga dunduniya tana saukewa kamar mai taka keken ɗinki, sannan ta tashi a hankali, ta dafa kujera ta ƙirga goma kafin ta taka. Maza su yi fitsari a zaune, don suma bayan fitsari sananniya ce.

Suma irin wannan tana yin sallama kafin ta shigo: zafi ya taso, gumi mai sanyi ya karyo, zuciya ta tashi, a yi ta hamma, kunne ya ɗauki ƙara, ido ya fara duhu. Daƙiƙu kaɗan ne ke tsakanin wannan da faɗuwa. Idan tana tsaye, ta tsuguna ko ta zauna a ƙasa nan take, ko a ina ne, kada ta ce bari in ƙarasa kujerata. Idan tana zaune, ta danna maɓallin kiran ma'aikata, ta harɗe ƙafafu ta matse cinyoyi da ƙarfi, ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi.

Ga wanda ke kusa da wanda ya sume, abin da muka saba yi a gida shi ne kuskuren. Mukan tallafo mutum mu zaunar da shi, mu ɗura masa ruwa, wani ya cusa cokali a baki. Zaunarwa tana ƙara hana jini isa kai, har jiki ya fara fizga a ɗauka farfaɗiya ce. Ruwan da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya sarƙe shi ya wuce huhu. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗaga ƙafafunsa bisa jaka ko hannun kujera, a sassauta abin da ya ɗaure wuya da ƙugu, a buɗe masa iska. Idan amai ya taso a juya shi gefe. Mai tsohon ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Yawanci cikin minti ɗaya ko biyu ido zai buɗe. Ya ci gaba da kwanciya minti goma zuwa goma sha biyar, sai ya warware sarai sannan a ba shi ruwa ko lemo. Mai ciwon sukari a auna sukarin jininsa; idan ya gaza 4, ko 70 a ɗaya ma'aunin, kuma yana iya haɗiya, a ba shi rabin kofin lemo mai zaƙi. Idan kuwa ba ya numfashi, a fara danna ƙirji a kira ma'aikata, manyan jirage suna ɗauke da na'urar farfaɗo da zuciya, kuma da yawa suna iya magana da likita a ƙasa.

Akwai sumar da ba ta ruwa ba ce, kuma ita ce dalilin zuwa likita. Wadda ta zo ba gargaɗi, ko mutum na kwance, ko tare da ciwon ƙirji, bugun zuciya mai gudu ko sarƙewar numfashi. Wadda aka farfaɗo baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe. Wadda aka ciji gefen harshe aka daɗe a ruɗe. Sai wadda ta biyo bayan kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko da kwanaki bayan sauka ne, domin tafiyar da ta haura awa huɗu tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, gudan kuma na iya tafiya huhu. Masu sikila su fi kowa kula, don ƙarancin ruwa da na oksijin su ne ke tayar musu da ciwo, kuma ana son a jira kamar kwana goma bayan tashin ciwo kafin a hau jirgi. Wanda ya dawo daga gida ya sume da zazzaɓi a jikinsa, ya faɗa wa likita ƙasar da ya fito a gwada maleriya a ranar, saboda garkuwar da aka taso da ita tana raguwa bayan an daɗe a waje.

Saura takardu. Ki karɓi wasiƙar likita mai bayanin larurarta da sunayen magunguna, ta riƙe su a jakar hannu cikin kwalayensu na asali. Idan gwaji ya nuna wani abu a zuciya ko jini ya yi ƙasa sosai, kamfanin jirgi zai so likita ya cike fom ɗin da ake kira MEDIF, kuma oksijin na cikin tafiya sai an nema kwanaki kafin tashi. Ki duba inshorar tafiyarta: a Ingila sashen gaggawa kyauta ne, amma idan aka kwantar da baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, kuma bashin asibiti da ba a biya ba yana iya hana biza nan gaba. Tsoron jirgi ba hujja ba ne a wurin hukumar shige da fice. Ki sa ranar komawa aƙalla mako biyu kafin bizar ta ƙare, don a samu sarari idan an ɗaga. Idan likita ya ce ba za ta iya tashi ba, ki karɓa a rubuce, ki ga lauyan shige da fice tun bizar na da rai.

Idan da hali, ta bi jirgin da ba ya yada zango, kuma a haɗa ta da wani na gida da zai zauna kusa da ita. In babu, ki rubuta mata 'yar takarda da Turanci mai ɗauke da shekarunta, magungunanta, abin da ya faru a zuwa, da lambar wayarki, ta miƙa wa ma'aikaciyar jirgi tun a bakin ƙofa. Masu tarbarta a Abuja kuma su bar ta ta kwana ta huta kafin a kama hanyar Zariya.