Asusun yana cikin teburi, amma waya ta ƙi yin rajista

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce ka kwashe asusun wayoyi daga fayil ɗin pjsip.conf ka zuba su a rumbun bayanai na MariaDB, ka haɗa Asterisk, manhajar sabar wayoyin, da rumbun ta ODBC, gadar da manhaja ke bi ta yi magana da rumbun bayanai, kuma tun daga lokacin babu wayar da ta yi rajista. Ka buɗe teburi ka ga layin 1001 da idonka, ka sauya kalmar sirri har sau uku, shiru kake ji. Shi ne kake tambaya ko ka goge komai ka sake girkawa.

Kada ka goge. Wanda bai san inda ya yi tuntuɓe ba, a nan zai sake faɗuwa gobe. Kuma ka ɗaga hannu daga kalmar sirrin nan haka.

Kafin ka leƙa rumbun, fara sauraron hirar da ke tsakanin waya da sabar. Buɗe sngrep, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa tsakaninsu, ko ka shiga Asterisk ka ba shi umarnin pjsip set logger on, sannan ka sa wayar ta gwada. Rajista mai lafiya saƙo huɗu ce. Waya ta aiko REGISTER, sabar ta mayar da 401 haɗe da wata lamba ta amfani sau ɗaya da sunan yankinta, wato realm. Waya ta cakuɗa waɗannan da sunanta da kalmar sirri, ta sake aiko REGISTER, sabar ta ce 200 OK. Saboda haka 401 na farko ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Almajirai da yawa suna ganinsa su ɗora hannu a ka.

Idan ba ka ga REGISTER ko ɗaya ya shigo ba, rumbun bayanai ba shi da laifi. Duba adireshin da aka sa wa wayar, duba ko ƙofar 5060 a buɗe take a katangar tsaro (5061 idan TLS kuke yi, wato ɓoye saƙonni a hanya). Wani abu kuma: sngrep yana ganin saƙo tun kafin katanga ta yar da shi. Idan sngrep ya nuna REGISTER yana ta maimaituwa babu amsa, Asterisk kuma bai nuna komai ba, to katanga ce ta haɗiye shi. Da yawan gwajin da ka yi jiya, ba zan yi mamaki ba idan fail2ban, mai toshe adireshin da ya yawaita kuskuren shiga, ya riga ya toshe adireshinka. Ni ma ya taɓa yi mini haka, na kai tsakar dare ina tuhumar teburi alhali ni ne na kulle kaina a waje.

To, a ce saƙo yana shiga, amsa kuma 401 ce a kai a kai. A nan gizo ke saƙa. Asterisk yana ba asusun da bai sani ba 401 ɗin da yake ba mai kuskuren kalmar sirri, da gangan, don kada ɓarawo ya gane lambobin da ke akwai. Daga waya ba za ka bambance su ba. Kundin Asterisk ne zai faɗa maka: idan ka ga "No matching endpoint found", bai ma ga asusun ba. Tabbatar da umarnin pjsip show endpoint 1001. Ina kyautata zaton zai ce maka bai samu ba.

Ganinka da ganin Asterisk ba ɗaya ba ne. Kai ka shiga rumbun da asusun root, ta hanyarka. Shi kuwa sai ya bi wata sarƙa ta sunaye, kowanne yana nuna na gaba. A sorcery.conf, ƙarƙashin res_pjsip, ake gaya masa ya nemi endpoint (asusun waya) a ps_endpoints, auth (bayanan tantancewa) a ps_auths, aor (inda ake rajistar waya) a ps_aors. A extconfig.conf ake cewa waɗannan teburan ta odbc za a same su, kuma sunan da ke biye da kalmar odbc a layin ba sunan rumbun ba ne, sunan sashe ne a res_odbc.conf. Wannan wurin ya ka da ƙwararru ma. Sashen nan shi ke ɗauke da dsn, wato sunan haɗin ODBC, wanda dole ya yi daidai da kan sashe a /etc/odbc.ini, shi kuma ya nuna direba a odbcinst.ini. Harafi ɗaya ya sha bamban, sarƙa ta tsinke.

Bi ta daga ƙasa. Gwada isql -v, umarnin gwada haɗin ODBC, da sunan DSN ɗin, da ainihin suna da kalmar sirrin da Asterisk ke amfani da su, ba naka ba. Idan ya shiga, yi SELECT a ps_endpoints daga cikinsa. Ka tuna a wurin MariaDB, asusun da aka ba izini daga localhost daban yake da wanda ya zo daga wani adireshi, don haka izinin na iya zama an ba shi ta ƙofar da Asterisk ba ya bi. Bayan nan odbc show a cikin Asterisk zai nuna ko akwai haɗi. Idan isql ya yi amma Asterisk bai yi ba, duba modules.conf ka sa a fara loda res_odbc.so da res_config_odbc.so, sannan ka sake tayar da Asterisk gaba ɗaya. Gyaran sorcery.conf ban yarda da reload a kansa ba.

Idan kuma ya ga asusun amma 401 bai daina ba, sai yanzu maganar kalmar sirri ta taso. Gurbin auth a ps_endpoints ya ɗauki id ɗin layin ps_auths daidai. Sunan da ke gurbin username shi waya za ta tura a matsayin sunan tantancewa, wanda a wayoyi da yawa gurbinsa daban yake da na lamba. Sai auth_type: idan userpass ne, kalmar sirri tsura ake so. Idan md5 ne, md5_cred shi ne MD5, wato cakuɗaɗɗen lissafi, na suna, realm da kalmar sirri, da ɗigo biyu (:) tsakanin kowanne, kuma realm ɗin da Asterisk ke zuwa da shi "asterisk" ne. Wanda ya lissafa da sunan yankin kamfani bai kuma sauya realm ba, zai kwana yana rantsuwa kalmarsa daidai ce. Ka kuma auna tsawonta da LENGTH, domin sarari ɗaya da ya maƙale a ƙarshe lokacin kwafa ido ba ya ganinsa.

Amsa biyu kuma suna da sauƙi. 404 bayan tantancewa: sunan layin ps_aors bai yi daidai da lambar da waya ke rajista da ita ba. 403: duba ko gurbin aors fanko ne, sannan ka duba max_contacts. Idan ba a cika shi ba sifili ne, sifili kuwa ma'anarsa ba wanda zai yi rajista. Sa masa 1, ko adadin na'urorin mai layin.

Saura rubutu. Rajista ba karatu kaɗai ba ce, sabar tana ajiye inda za ta sami wayar. Idan ka tura wannan bayanin, wato contact, zuwa ps_contacts, asusun Asterisk yana buƙatar izinin INSERT, UPDATE da DELETE, ba SELECT kawai ba. Kuma ina fata da alembic, kayan aikin gina teburan rumbu, ka gina teburan, wanda ya zo da sigar Asterisk ɗinka. Idan wani tsohon fayil na SQL ka kwafo daga intanet, za a rasa wasu gurabe, rubutu ya riƙa faɗuwa. Ni shawarata, bar contact a ma'ajinsa na asali har sai sauran sun daidaita.

Yi da waya ɗaya tak, abu ɗaya kake sauyawa kafin kowane gwaji. Idan ka kai isql ka maƙale, turo mini hoton sngrep da abin da odbc show ya ce, amma ka rufe kalmomin sirri kafin ka turo.