Kwana ɗaya a Accra: ina za a fara?

Malam, ka ce kwana ɗaya kacal gare ka a Accra, kana so ka ga wuraren tarihi, kana tambaya ko zai isa. Zai isa, in ba ka yi haɗama ba.

Ka fara da hubbaren Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, tun da safe, kafin rana ta yi zafi. A wannan fili ne ya ayyana 'yancin kan Ghana ranar 6 ga Maris 1957, kuma nan aka binne shi da matarsa Fathia, 'yar ƙasar Masar. Akwai mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966, an ajiye kan a gefe. Ni dai nan na fi daɗewa tsaye. Ka ware wa wurin awa biyu, ka kuma nemi ɗan jagora na wurin, don hotunan da ke can ba sa bayanin kansu.

Dandalin Black Star, filin da ake faretin bikin 'yancin kai, ba nisa, minti ashirin a can ya ishe ka. Daga nan sai gidan tarihi na ƙasa da ke titin Barnes.

Kuskuren da baƙi ke yi shi ne raina cunkoson motocin Accra, su jera wurare shida. Kuma kada ka ɗauki hoto kusa da sojoji ko ginin gwamnati ba izini. Ka kira wuraren ka tabbatar da lokacin buɗewa da kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Azahar ka yi ta a babban masallacin Kanda, sannan ka leƙa unguwar Nima ka ci wake da shinkafa. Can Hausa za ka yi ta ji.