Me ya sa yarinyar ta fito kamar budurwa?

Yarona na ga saƙonka jiya da daddare, da hoton zanen. Ka ce Hajiya ta ba ka aikin zana 'yarta mai shekara 3, hoto ɗaya tal ta turo ta WhatsApp, tana so kafin Asabar saboda bazday, a saka mata kayan sallah kuma a ƙara mata haske, kai kuma da ka zana sai yarinyar ta fito kamar 'yar shekara 12, kana tambaya ina ka kuskure.

Idon ne. Ka ɗora shi a tsakiyar kai kamar yadda na koya maka a fuskar manya, to ƙaramin yaro idonsa ƙasa da tsakiya yake, goshi ne ya cinye wurin, hanci ɗan guntu bai gama yin kara ba, haɓa 'yar ƙarama, wuya ma kusan babu, kan kamar a kafaɗa yake zaune. Kai kuwa ka ja mata karan hanci har tsakanin gira sannan ka ƙara layin nan daga gefen hanci zuwa baki, wallahi duk layin da ka ja a fuskar yaro shekaru ka ƙara masa. Kumatu da inuwa mai laushi ake fito da su, busasshen burushi kana shafawa a hankali har gefen ya ɓace. Haƙoran ma kar ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hoton da ta turo ba zai yi ba, WhatsApp matse hoto yake yi, ka ce ta sake turowa a dokumen, uku ko huɗu, har da ɗan bidiyo in akwai. In ta yarda ma ka je gidan da safe ka ɗauka da kanka a inuwa ba filasha, ka tsuguna daidai tsayin yarinyar, don iyaye daga tsaye suke ɗaukar yara shi ya sa kai ke fitowa ƙato.

Asabar kuma ka manta da fentin mai, ba zai bushe ba, ga ƙurar hunturun nan duk ta manne a jiki. Akirilik za ka yi, fentin nan mai saurin bushewa, amma ka tuna yana ƙara duhu kaɗan in ya bushe.

Kayan sallah ka saka wa yarinyar, kuɗin Hajiya ne, in leshi take so ko atamfa ko a canja bango duk ka ce to. Maganar haske ce nake so ka tsaya a kanta. Ni na taɓa yi, wani bawan Allah ya matsa min na sauya wa 'yarsa kala, ranar da na kai zanen kakar yarinyar ta karɓa ta daɗe tana kallo sai ta ce, wannan 'yar waye? Har yau abin na damuna, don yarinyar na tsaye a wurin tana ji, kuma ita ce za ta girma tana kallon zanen a bango. Yanzu abin da nake gaya wa kwastoma shi ne zan haska mata goshi da saman kumatu kamar hasken taga ya sauka a kanta, amma kalar da Allah ya ba ta tana nan. Yawanci da sun gani suke yin shiru, dama duhun hoton wayar ne ya dame su. Kuma kar ka haska da farin fenti zalla, fatar toka-toka take yi, ka haɗa ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa da ɗan ja, inuwa kuma ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi, ba baƙi ba.

Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka tura wa Hajiya zanen fensir ta amince kafin ka taɓa fenti, ka faɗa mata tun yanzu gyara sau 2 ne. Kuma dan Allah kar ka ɗora hoton 'yar mutane a Facebook sai ka tambayi uwar.

Gobe ka zo shago da wuri da sabon kanbas, wato yadin da za a yi zanen a kai, wancan ba ya gyaruwa, mu auna kan tare.