Ka fara da shafi 8, mai shafi 300 zai jira ka

Ɗan'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarka, na ce bari in bari sai na samu natsuwa, don ba maganar da za a sallama da layi biyu ba ce. In na fahimce ka daidai, shekara biyu ke nan kana zanen comic, wato labarin da ake bayarwa da zane akwati-akwati, kana da labari a ka wanda ka ƙiyasta zai ci shafi 300, ka zana 40 daga ciki, amma duk sanda ka waiwayi shafukan farko sai ka ga ba su yi maka ba, ka koma ka sake su. Shi ne kake tambaya ko ka dakata har hannunka ya faɗa, ko ka nemi kamfanin buga littattafai da zai ɗauke ka, ko kuwa ka tara kuɗi ka buga da kanka.

Ni dai shawarata ka buga da kanka, amma ba wannan labarin ba. Sa shi a aljihun tebur tukuna, babu mai sace maka shi.

Abin da ya sa na ce haka, ramin da kake ciki na zauna a cikinsa kusan shekara uku. Babin farko na dogon labarina sau huɗu na zana shi. Kuma ba lalaci ba ne, kullum ina kan tebur. Matsalar ita ce mai koyo hannunsa canzawa yake yi wata-wata. Kafin ka kai shafi na 40 ka fi wanda ya zana shafi na 1 iyawa, sai na farkon ya riƙa ba ka kunya. Ka koma ka gyara shi, yanzu kuma ya fi na 40 kyau, sai na 40 ya koma abin kunyar. Haka za ka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, ka gaji tiɓis amma kana nan inda kake. Wannan zagayen ba ya ƙarewa da ƙarin gwaninta, don gwanintar ce ma take haddasa shi. Abin da ke yanke shi kawai aiki ne gajere wanda za ka gama kafin hannun naka ya sake canzawa.

Kuma akwai abubuwan da ba ka taɓa koya ba saboda ba ka taɓa kai wa ƙarshe ba. Ka iya buɗe labari, tunda sau da yawa ka buɗe. Rufewa fa? Sau nawa ka zana shafin ƙarshe? Sau nawa ka yi bango, ka jera shafuka, ka miƙa wa baƙon da bai san ka ba ka tsaya kana kallon fuskarsa yana karantawa? Ni ranar da na fara yin wannan na gane cewa akwatin da na fi alfahari da shi, wanda na kwana biyu ina masa ado, mutane tsallake shi suke yi cikin ƙiftawar ido. Wurin da suke tsayawa su dawo baya kuwa wani wuri ne da na jera kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki, a karkace, ba su gane wa ya fara magana ba. Shekara uku ina zane a ɗaki babu wanda ya gaya mini wannan, minti biyar a hannun baƙo ya nuna mini.

Za ka ce ai manya da dogon labari suka yi suna. Gaskiya ne, amma duba abin da ya gabaci dogon labarin. Jeff Smith ya fara buga Bone da kansa a Amurka a 1991, ya kai fitowa 55 kafin ya rufe a 2004. Sai dai kafin nan ya yi shekaru yana zana gajerun labarai a jaridar ɗalibai ta jami'arsa, sannan ya yi aikin zanen katun mai motsi. Hannun da ya ɗauki dogon aikin ya riga ya sha gajeru. Kevin Eastman da Peter Laird kuwa, labarin kunkurun nan nasu da duniya ta sani, Teenage Mutant Ninja Turtles, a 1984 suka fitar da shi littafi guda mai shafi 40, baƙi da fari, kwafi wajen 3,000, da kuɗin rarar haraji da aka mayar da kuma rancen da kawun Eastman ya ba su. Cikakken labari ne mai farko da ƙarshe a littafi ɗaya.

Batun jira sai hannu ya faɗa kuma, je ka nemo zanen asali na One-Punch Man wanda mai kiran kansa ONE ya fara sakawa a intanet a 2009. In ka gan shi za ka ce naka ya fi, kuma mai yiwuwa ka yi gaskiya. Layukan a karkace, jikin mutanen ba daidai ba. Amma mutumin ya san inda zai sa dariya, ya san lokacin da zai bar akwati shiru babu magana, shi ya sa jama'a suka bi shi har gwanin zane Yusuke Murata ya sake zana labarin daga 2012. Mai karatu yana yafe hannun da bai nuna ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ya kasa gane me ke faruwa.

To yanzu ga yadda zan yi in ni ne kai. Ɗauki mutum ɗaya daga cikin dogon labarin, ba jarumin ba, wani na gefe, ka ba shi wata 'yar matsala da za ta ƙare a shafi 8. Kafin ka taɓa babbar takarda, zana shafukan duka ƙanana-ƙanana, kowanne kamar girman akwatin ashana, mutane 'yan sanduna kawai. A nan ake gyaran labari, don goge abin da ka yi a minti biyu ba ya ciwo. Sannan ka sa rubutun maganganu tun a wannan mataki. Kuskuren da kusan kowannenmu ya yi shi ne a cika akwati da zane, daga baya a zo ana neman inda za a cusa magana, ƙarshe kumfar ta rufe fuskar mai maganar. Magana ita ke fara kama wuri, zane ya zauna a abin da ya rage. Ka kuma tuna shafi mai lambar mara, wato 1 da 3 da 5, a dama yake zama, mai lambar cika a hagu. Duk abin da kake so ya ba mai karatu mamaki, sa shi a shafin hagu, inda sai ya juya takarda zai gani. In ka sa shi a dama, idonsa ya riga ya leƙa tun yana karanta na hagu.

Me ya sa 8 ba 7 ko 10 ba? Saboda littafin da ake ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya, kowace takarda guda shafi huɗu take bayarwa. Dole adadin ya zama 8, 12, 16, 20, 24, haka dai. Ni ban san wannan ba sai da na kai aiki mai shafi 22 maɗaba'a, aka ce ko in ƙaro biyu ko in cire biyu. Takarda biyu girman A4, ka ninke, ka samu littafi girman A5 mai shafi 8, injin fotokwafi ma ya ishe ka. Jerin ne kawai zai ɗan rikita ka da farko: shafi na 8 da na 1 a fuska ɗaya suke, bayansu na 2 da na 7. Ninke farar takarda ka rubuta lambobin da hannu, ka warware, za ka ga yadda suke.

Bari in ba ka labarin bugu na farko da na yi da kuɗi masu yawa, don a nan na fi shan wuya, kuma laifina ne ba na kowa ba. An yi mini lissafi cewa in na buga 500, kuɗin kowane kwafi zai sauko ƙasa sosai idan aka kwatanta da 50. Lissafin gaskiya ne. Babban injin buga littafi sai an yi masa faranti an saita shi, wannan kuɗin ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga, don haka yawa ke rage tsada. Ƙaramin injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta kuwa ba ya buƙatar faranti, kuɗin kwafi kusan ɗaya ne ko 20 ko 200. Ni sai na kalli kuɗin kwafi guda, na manta da jimillar da za ta fita daga aljihuna, na kuma manta in tambayi kaina mutum nawa na sani da za su ciro kuɗi su saya. A shekarar farko ban sayar da ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran suna cikin kwali, kuma abin haushin, bayan wata shida ni kaina na daina son zanen da ke ciki, ga shi kuma ɗaruruwa sun zuba mini ido. Mai koyo bai kamata ya tara kwafin aikin da zai wuce shi nan da 'yan watanni ba. Buga 30. In sun ƙare ka ƙara 30, ka gyara kurakuran da aka nuna maka a na farko.

Ba yawan ne kaɗai ya cuce ni ba. Ban nemi kwafin gwaji ba, saboda ɗoki. Da kayan suka iso, launin da ke walƙiya a allon kwamfutata ya koma dishi-dishi. Allo da haske uku yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ne CMYK, kuma akwai launuka masu haske da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Ƙananan rubutun ma sun fito da inuwa-inuwa, don baƙin nasu an haɗa shi ne daga tawada huɗun maimakon baƙar tawada zalla, da takarda ta ɗan goce sai haruffan suka yi biyu-biyu. A shafuka uku kuma wuƙar yanka ta cinye ƙarshen magana. Ka'idar ita ce zanen da kake so ya kai bakin takarda ka zarce da shi milimita 3 waje da layin yanka, rubutu kuma ka janye shi ciki aƙalla milimita 5. Zane mai launi ka ɗauke shi a ɗigo 300 a kowane inci, baƙin layi zalla kuma 600 ko sama. Duk wannan da na riƙe kwafi ɗaya a hannu kafin a saki injin da na gani. Shi ya sa ma nake ce maka ka fara da baƙi da fari: ya fi sauƙin kuɗi, ya fi saurin gamawa, kuma ba ya ɓoye raunin zane a bayan ado, ka ga abin da ya kamata ka gyara ƙuru-ƙuru.

Intanet kuma ka yi amfani da ita, amma ka yanke shawara tun farko wane siffa kake zana wa. Webtoon da Tapas na karatun waya ne, ana jan labari daga sama zuwa ƙasa, faɗin hoton a Webtoon ɗigo 800 ne. Shafin littafi in ka jefa shi haka a waya rubutun ƙanƙancewa yake yi. Ni a girman bugu nake zanawa, daga baya in yayyanka akwatunan in jera su a tsaye. Komawa daga ƙarami zuwa babba ba ya yiwuwa, hoton fashewa yake yi. In za ka riƙa saki mako-mako, tara na mako huɗu ko shida a ajiye kafin ka saki na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Rashin lafiyar sati ɗaya ya isa ya karya maka jadawali. Manhaja kuwa kada ta tsayar da kai, Krita kyauta ce, ibisPaint na aiki a waya, fensir da tawada ma ba su daina aiki ba.

Kickstarter da ire-irensa, wato shafukan intanet da ake tara kuɗin aiki daga jama'a, ka bar su tukuna. Ba sa kawo masu karatu, waɗanda ka riga ka tara ne suke zuwa su biya. A Kickstarter in ba a cika adadin da ka sa ba ko sisi ba ka samu, in an cika su cire kashi 5 cikin 100 ban da kuɗin hada-hadar kati, kuma ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe kamfe ba. Kuɗin aika littafi ga masu saye shi ne ke kayar da mutane da yawa, don ba sa auna nauyin kunshin kafin su sa farashi.

Kamfani kuwa, ba na ce kada ka nema ba, amma da me za ka je musu? Edita ya fi yarda da ƙananan littattafai uku da aka gama a kan shafi 40 na abin da ba a san ranar gamawarsa ba, don abin da yake son sani shi ne ko kana iya kai aiki ƙarshe. In kuma ranar ta zo aka miƙo maka takardar yarjejeniya, karanta wurin da ya yi maganar mallaka da kyau, ka ba wanda ya san doka ya duba. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a 1938 a kan dala 130, suka shafe shekaru masu yawa suna shari'a a kansa. Bambanci ne babba tsakanin ba da izinin bugawa na wasu shekaru da sallama mutanen labarinka gaba ɗaya. Wanda ya buga da kansa komai nasa na hannunsa, wannan kam ko kwafi 30 ne.

Na duba shafuka biyun da ka haɗo da tambayar. Fuskokinka suna da rai, musamman tsohon nan mai sanda, ni da shi zan yi labarin shafi 8 ɗin. Hannaye ne kake ɓoyewa a bayan riga da aljihu, na lura, duk mun yi wannan dabarar. A shafi na biyu kuma akwati na uku da na huɗu, kumfar wanda ya ba da amsa ta fi ta mai tambaya tsawo a sama, sai na karanta amsar kafin tambayar. Sauko da ita ƙasa kaɗan ka matsar da ita dama. In ka gama ƙananan zanen shafi takwas ɗin, turo su haka nan da 'yan sandunansu kafin ka sa tawada, zan duba maka jerin.