Zawon haƙori ne, in bar shi ya wuce?

Tambaya: Lokotoro, ɗana wata tara gare shi. Yau kwana uku yana zawo kamar ruwa, har da amai. Uwar mijina ta ce haƙori ne zai fito, in rage ba shi ruwa kada zawon ya ƙaru. Idanunsa sun fara zurmawa, hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Tahoua.

Amsa: Baiwar Allah, goya shi yanzu ki tafi CSI, wato likitar gwamnati, mafi kusa, kina ba shi nono a hanya. Zurmawar ido alama ce ruwan jikinsa ya fara ƙarewa.

Haƙori ba ya kawo zawo. Kullum sai na faɗi wannan, kullum kuma sai an kawo mini yaro laƙwas, maɗiga ta faɗa, an rataya masa laya, an fasa kafso na masu talla an ɗura masa, ana cewa haƙori ne. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komi baki, aka fara ba shi kunu da ruwan randa. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, irin su rotabirus da shigela da E. koli, daga kashi zuwa hannu, zuwa abinci. Rotabirus kuwa kafso ba ya taɓa shi ko kaɗan. Mai yawo da tiren magani cikin rana, kuɗinki kawai yake so.

Hana ruwan nan shi ya fi ƙona mini rai. Kaka da ƙauna ta faɗa, na sani, amma ƙarewar ruwan jiki ita ke kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce zawo na hallaka yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 kowace shekara a duniya, waɗanda suka tsira kuma da yawa tamowa ke biyo baya. Nawa ne cikinsu aka zauna ana jiran haƙori ya fito?

A likita za a ba ki SRO, garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki: fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokali-cokali. In ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba. Maganin zinki kuma kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya. Ki riƙo katinsa a duba ko ya samu ɗigon rigakafin rotabirus, wanda ake bayarwa a Nijar tun 2014. Ki tafi tare da kakar, ta ji da kunnenta.